Tsawon samfuri da gasawa a tanderu: me ya sa GMI na ƙarfe ɗaya ke ba da amsa daban-daban?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina digiri na biyu a fannin fiziks a nan Samaru. An ba ni zirin ƙarfe amofos (wanda ƙwayoyinsa ba su jeru sun zama kiristal ba) mai yawan kobalt, faɗinsa milimita 1, kaurinsa wajen maikiromita 20. Na yanka shi gida uku, santimita 5 da 2 da 1, na auna GMI (giant magnetoimpedance), wato babban sauyin da turjiyar ƙarfe ga wuta mai kai da komowa ke yi in an kawo masa filin maganaɗisu. Dogon ya ba da sakamako mai kyau, gajeren kuwa kusan ba komai, ga ƙololuwar giraf ɗinsa ta matsa can nesa. Na gasa wani gajere a digiri 300 ya ɗan gyaru, na gasa wani a 550 ya mutu gaba ɗaya, har ya karye a hannuna. Ƙarfe ɗaya ne fa, Malam. Na'urar ce ke yi min ƙarya ko ni ce na yi kuskure? Kuma wane zafi zan rubuta a kundina a matsayin mafi dacewa?

Wa'alaikumus salam wa rahmatullah, 'yata. Na'urarki ba ta yi miki ƙarya ba. Duk abin da kika lissafa, haka ya kamata ya faru. Inda gizo ke saƙar shi ne wannan magana taki ta "ƙarfe ɗaya ne fa". A harkar GMI, ziri ɗaya da aka yanka gida uku ya zama samfuri uku, in an gasa ɗaya daga ciki ya zama na huɗu. Kason sauyin da kike gani a giraf na haɗin ƙarafan ne, da siffar samfurin, da irin wutar da ya sha, da yadda aka maƙala masa waya. Kin taɓa biyu daga cikinsu lokaci guda, shi ya sa lissafin ya ƙi fita.

Mu fara da abin da ake aunawa. Impidans, Z, shi ne turjiyar da abu ke yi wa wutar da ke kai da komowa. Irin wannan wuta, in firikwensinta, wato yawan kai da komowarta a daƙiƙa, ya yi sama, ba ta cika cikin ƙarfe. Sai ta koma bin ɓawonsa na waje. Zurfin wannan ɓawo, δ, ana samunsa daga tushen ρ/(πfμ), inda ρ ke nufin turjiyar ainihin ƙarfen, f firikwensi, μ kuma famiyabiliti, wato sauƙin da ƙarfen ke karɓar maganaɗisu. Ki lura: μ ɗin da ke aiki a nan na gicciye ne, wanda ke ratsa faɗin zirin, don ta nan filin da wutar ke haifarwa yake kewayawa. Ƙarafan amofos irin naki suna da ρ wajen µΩ·cm 130, ya ninka na jan ƙarfe fiye da sau 70. Ki sa wannan a lissafi a MHz 1. In μ ya kai 10,000, ɓawon bai wuce maikiromita 6 ba. In kin kawo babban fili daga waje kin danne maganaɗisun har μ ya faɗo kusa da 1, sai ɓawon ya koma wajen maikiromita 570, ya fi zirin naki kauri nesa ba kusa ba, wuta ta cika ƙarfen, impidans ya sauko. Tazarar da ke tsakanin waɗannan hali biyu ita ce GMI gaba ɗayanta. An hango alamar abin tun 1935 a wayoyin ƙarfe da nikel a Ingila, amma sai a 1994 ya yi suna, lokacin da Panina da Mohri a Jami'ar Nagoya ta Japan, da Beach da Berkowitz a Amurka, suka nuna shi a wayoyin amofos suka kuma danganta shi da wannan ɓawo. Daga baya kamfanin Aichi Steel ya mayar da shi ƙaramin kamfas da ake sa wa wayar hannu.

To duk abin da ya taɓa μ na gicciye, ko ya taɓa filin da ke isa cikin ƙarfen, ya taɓa GMI. Almakashi yana taɓa na biyun, tanderu yana taɓa na farkon.

Batun tsawo shi ne na fi so ki riƙe, don shi ne ya fi rikita ɗalibai. Idan kika sa ziri a cikin koyil kika kunna fili a tsawonsa, bakinsa biyu kan zama kawunan maganaɗisu, su haifar da wani fili a cikin ƙarfen mai adawa da naki. Filin da ƙarfen ke ji shi ne H − NM, inda H ke nufin filin da kika kunna, M maganaɗisun da ƙarfen ya ɗauka, kuma wannan N siffa ce kawai ke yanke shi, babu ruwansa da kobalt ko boron. Mu ƙiyasta da naki. Faɗin milimita 1 da kaurin maikiromita 20 daidai suke da wayar da kaurinta ya kai milimita 0.16. Mai santimita 5 ya ninka wannan kauri sau 300 da 'yan kai, N ɗinsa ya kama wajen 0.00006. Mai santimita 1 ya ninka shi sau 60 ne kawai, N ɗinsa ya kai wajen 0.001. Ƙiyasi ne na kan takarda, amma ya isa ya nuna girman abin. Haɗin kobalt irin wannan yana ƙoshi da maganaɗisu a wajen tesla 0.6. Saboda haka filin adawa a dogon ba ya wuce A/m 30, a gajeren kuwa yana kusan A/m 500, wato wajen Oe 6 (Oe, oersted, shi ma ma'aunin ƙarfin fili ne). Ƙarfen da aka yi shi don ya ji kaso kaɗan na Oe guda, kin ɗora masa adawar Oe 6. Dole ƙololuwa ta matsa waje, ta baje, ta rage tsini.

Kuma wannan adawa ba daidai take a ko'ina ba. Ta fi tsanani kusa da baki, inda yankunan maganaɗisu ke murɗewa su rufe kansu. A dogon ziri waɗannan wurare ɗan kaso ne na jikinsa. A gajere kusan duk jikin baki ne, kowane ɓangare na kai ƙololuwarsa a fili daban, ke kuma na'urarki jimilla take gani. A wayoyin amofos masu yawan baƙin ƙarfe, masu kaurin maikiromita 125 irin na kamfanin Unitika, an daɗe da sanin cewa in tsawo ya gaza wajen santimita 7 tsarin yankunan cikinsu kan rushe. Siraran wayoyi masu rigar gilashi, da ake ja ta hanyar Taylor da Ulitovsky, suna jure gajarta har zuwa milimita kaɗan, don abin da ke hukunci shi ne tsawo a kan kauri. Shi ya sa mai son ƙaramin sensa yake neman siririyar waya, ba ya tsaya datse mai kauri.

Akwai kuma abin da ba na ƙarfen ba ne sam, na teburin awo ne. Turjiyar mai santimita 5 ɗinki wajen ohm 3 ce, ta mai santimita 1 ba ta kai ohm 0.7 ba. Mahaɗar da aka yi da fentin azurfa, in ba ta kama da kyau ba, tana iya kai wannan ko ta fi. Ita kuma wayar da ta taso daga na'ura, kowace milimita tana ɗauke da indaktans wajen nH 1. Santimita 10 a MHz 10 ta ba ki kusan ohm 6 da ba ruwansu da maganaɗisu. Duk wannan yana shiga ƙasan lissafin kason, ya danne shi, kuma gajeren samfuri ya fi shan wahala. Ki yi awo da mahaɗa huɗu, biyu na shigar wuta biyu na karanta bolteji, ki kuma daidaita na'urar har zuwa bakin samfurin. Kada ki kuskura ki yi masa soda da dalma kamar yadda masu gyaran rediyo na Sabon Gari ke yi: zafin bakin ƙarfen soda ya kai ya gasa miki milimita biyu ko uku na kowane baki, a samfurin da duka-duka milimita 10 ne.

Wani tarkon yana cikin ma'anar kason kanta. Ana cire Z na babban fili daga Z(H), a raba da Z na babban filin, bisa zaton cewa a can ƙarfen ya ƙoshi. In koyil ɗinki ta ƙosar da dogon amma ba ta ƙosar da gajeren ba, to ma'aunin da kike rabawa da shi ma ya bambanta. Ki duba wutsiyar giraf ɗin. In har tana gangarowa a inda kika tsaya, ba ki kai ba.

Ga gwajin da zai raba miki gardama cikin yini guda. Ki ɗauki mai santimita 5, ki sa mahaɗan bolteji a tsakiyarsa da tazarar santimita 1, ki auna. Sannan ki auna wanda aka datse a santimita 1. Tsawon da ake karantawa ɗaya ne, turjiya ɗaya, amma na farkon bakinsa na nesa. Bambancin da kika gani tsakaninsu na filin adawa ne tsantsa.

Kauri kuwa shi ke zaɓar firikwensi. GMI na fara ƙarfi ne idan δ ya sauko ƙasa da rabin kaurin zirin, wato maikiromita 10 a naki. Da μ na 10,000 hakan na faruwa a wajen kHz 300, da μ na 1,000 sai wajen MHz 3. Saboda haka in kin gasa samfuri μ ya sauya, firikwensin da ya fi dacewa da shi ma ya ƙaura, kuma wanda ya auna a firikwensi ɗaya tak yana iya cewa gashi ya ɓata abin da a gaskiya ya gyara. Faɗi ba shi da yawan magana, sai dai abu guda: filin da wutar awo ke yi a fuskar ziri shi ne I/2w, I ƙarfin wutar, w faɗin zirin. Wutar mA 10 a faɗin milimita 1 tana ba da A/m 5, a rabin milimita ta ba da 10. Wuta ɗaya a faɗi biyu ba gwaji ɗaya ba ne.

Yanzu tanderu. Yadda aka haifi ƙarfen ne ya sa yake bukatar gashi. Tun da Pol Duwez ya fara yin irinsa a Caltech a 1960 da zinariya da silikon, dabarar ba ta sauya ba: a sanyaya narkakken ƙarfe da saurin digiri wajen miliyan guda a daƙiƙa, kafin ƙwayoyinsa su samu damar jeruwa su zama kiristal. Zirin naki an fesa shi ne kan gangar jan ƙarfe mai juyawa. Ki ɗaga shi a haske ki gani: fuska ɗaya na ƙyalli, ɗayar dusu-dusu, mai ƙananan ramuka na iskar da ta maƙale. Dusu-dusun ce ta taɓa ganga ta fara daskarewa, mai ƙyallin ta biyo baya, sai ja da matsi suka daskare a ciki. Maƙerin da ya tsoma wuƙa mai ja a ruwa ya san ta yi tauri amma tana ɗaure, sai ya mayar da ita wuta a hankali ta saki jiki, in kuma ya wuce gona da iri ya ɓata aikin. Gashinki ke nan.

Wannan ɗaurewa tana isa ga maganaɗisu ta hanyar magnetostirikshin, λ, wato ɗan miƙewa ko tsukewar da ƙarfe ke yi in ya ɗauki maganaɗisu. Ƙarfin da matsi ke tilasta wa maganaɗisu alƙibla shi ne (3/2)λσ, σ kuwa shi ne matsin. A ƙaddara matsin MPa 100. Haɗin baƙin ƙarfe da silikon da boron yana da λ wajen 30 cikin miliyan, sai filin tilascin ya kai dubban A/m. Haɗin kobalt da aka sa wa baƙin ƙarfe kashi 4 zuwa 5 cikin ɗari, λ ɗinsa na kusa da sifili, wajen 0.1 cikin miliyan ta ɓangaren ragi, filin kuma ya tsaya a wajen A/m 50. Dalilin da ya sa aka ba ki mai kobalt ke nan. Gashi a tsakanin digiri 250 da 400 yana sassauta wannan matsi, har da wanda almakashinki ya ƙara a baki da gefe, kuma ina kyautata zaton rabin gyaruwar da kika gani a gajeren samfuri daga nan ta fito. Gashin kan ɗan motsa λ kanta, kuma tun da tana kusa da sifili, ɗan motsi na iya juya ta daga ragi zuwa ƙari, giraf mai ƙololuwa biyu da kwari a tsakiya ya koma mai ƙololuwa ɗaya.

Tambayar da ba ki yi ba, alhali ta fi "wane zafi" muhimmanci, ita ce: digiri 300 yana sama da zafin Kuri na haɗin naki, wato zafin da ƙarfe ke rasa maganaɗisunsa, ko yana ƙasa? Dubi haɗin kobalt biyu na Metglas. Zafin Kuri na 2714A wajen digiri 225 ne, na 2705M wajen 365. Gashi a 300 yana sama da na farko, yana ƙasa da na biyu, kuma sakamakon ba ɗaya ba ne. A ƙasa da zafin Kuri ƙarfen na nan da yankunansa na maganaɗisu yayin da yake gasuwa, ƙwayoyi na ɗan jeruwa bibbiyu bisa alƙiblar da suka tarar a kowane yanki, sai iyakokin yankunan su kafe a inda suke. Bayan an fito, za ki ga giraf na tafiya bai bi sawun na dawowa ba, ga 'yan tsalle-tsalle kusa da sifili. A sama da zafin Kuri babu yankuna, babu abin kafewa, sai dai in kin bar shi ya huce a hankali cikin tanderu, ya daɗe yana ratsa ƙasan zafin Kuri, nan ma ya kafe. Wannan ya shafe mu kai tsaye: in wuta ta ɗauke ana tsakiyar gashi, samfurin ya kwana yana hucewa a ciki, wannan wani gashi ne daban, ki rubuta shi da sunansa a littafin awo, kada ki haɗa shi da 'yan'uwansa.

Masu gwaninta suna juya wannan jeruwar ƙwayoyi ta yi musu aiki. A gasa a ƙasa da zafin Kuri tare da fili mai ƙarfi a gicciye, sai duk zirin ya ɗauki alƙibla ɗaya ta gicciye. Ko a rataya masa nauyi yana gasuwa, wanda a yawancin haɗin kobalt shi ma gicciye yake bayarwa. Ko a bi da wuta ta cikinsa ta gasa shi da kanta, filinta na kewaye da shi. Wannan ya fi dacewa da waya, kuma ba ya bukatar tanderu. Abin da ake nema shi ne alƙiblar gicciye mai rauni amma iri ɗaya a ko'ina. In ta yi ƙarfi da yawa μ ya sauka, ƙololuwa biyun su yi nisa da juna. Kin ga ke nan matsawar ƙololuwa na iya zuwa daga gajarta, tana iya zuwa daga gashi, kuma a giraf kamanninsu ɗaya. In ba ki tsayar da tsawo ba, ba ki da hanyar sanin wanne ne.

Sai 550. Ina da yaƙinin daga takardun Finemet kika ɗauko shi. Wannan haɗi, Fe73.5Cu1Nb3Si13.5B9, Yoshizawa da abokan aikinsa na Hitachi Metals ne suka fito da shi a 1988, kuma an tsara shi ne don a gasa shi a wajen digiri 550 na awa guda. Jan ƙarfen ciki yana haifar da tsirin kiristal birjik, niyobiyum yana hana su girma, sai su tsaya a nanomita 10 zuwa 15. Herzer na Jamus ya bayyana dalilin da ya sa hakan ke tausasa maganaɗisu: in ƙwayoyin sun yi ƙanƙanta haka, tilascin kowace na shafe na 'yar'uwarta, taurin maganaɗisu kuma na bin girman ƙwaya da aka ninka da kansa sau shida (D⁶). λ ma tana faɗowa daga wajen 20 cikin miliyan zuwa wajen 2. A Finemet ɗanye GMI kaɗan ne, gasasshe ne ke da shi, shi ma in an wuce 600 sosai mahaɗan ƙarfe da boron su fito su kashe shi. Naki haɗin ba a yi masa wannan tanadi ba. Irinsa na fara zama kiristal a tsakanin digiri 520 da 550, ƙwayoyin su fito manya masu taurin kai, μ ya faɗi, ɓawo ya buɗe, GMI ya tafi. Karyewar kuwa takan fara tun kafin kiristal ya bayyana, don haka a yanka kafin a gasa, kullum.

Abu biyu na wurinmu. Zariya na kusa da layin da filin maganaɗisun duniya ke kwanciya, saboda haka kusan duk ƙarfinsa, wajen µT 34 ko A/m 27, a kwance yake yana duban arewa. Ya yi daidai da filin adawar dogon samfurinki. In zirin na kwance kudu da arewa a kan tebur, sifilinki ba sifili ba ne, giraf zai karkace gefe ɗaya. Ki shimfiɗa shi gabas da yamma, a wajen awo da cikin tanderu duka, ki nisanta shi da tebur mai ƙafar ƙarfe. Na biyu, iska. Masu bincike a Koriya ta Kudu sun nuna a ƙarshen shekarun 1990 cewa zirin kobalt da aka gasa a wajen digiri 380 a buɗaɗɗiyar iska, cikin ɗan fili mai rauni, fuskarsa kan yi tsatsa ta zama kiristal mai tauri, ta mayar da giraf mai ɓari ɗaya. Su da gangan suka yi. Ke in ba shi kike nema ba, ki gasa cikin agon ko bututun da aka zuƙe wa iska, ki goge ƙurar hunturu da maiƙon hannu da asiton tukuna, don a MHz 10 wutar duka a 'yan maikiromitan saman nan take tafiya. Ki kuma tuna wayar da ke zafafa tanderun naɗi ce, tana da nata filin.

Ba zan ba ki lamba ɗaya ki rubuta a matsayin zafi mafi dacewa ba, kuma in kin ga takardar da ta ba da ita ba tare da faɗin tsawon samfuri, lokaci, iska da yadda aka huce ba, ki karanta ta da taka-tsantsan. Abin da zan sa ɗalibina ya yi shi ne ya fara nemo zafin Kuri da zafin fara kiristal na haɗinsa, daga takardar masu ƙera shi ko ta awon DSC, wanda ke auna zafin da abu ke sha ko fitarwa yayin da ake ɗumama shi. Ki leƙa sashen injiniyan ƙarafa ko na kemistiri ki tambaya. Sannan ya yanka samfura duk santimita 5 daga wuri ɗaya na naɗin, ya auna kowanne ɗanye, ya ajiye ɗaya ba gashi, sauran kowanne ya shiga wuta sau ɗaya, daga 250 ana hawa da hamsin-hamsin har 450, lokaci ɗaya, da tamokoful, wato wayar auna zafi, a jikin samfurin, don lambar da ke fuskar tanderu zafin bangonsa take faɗa. Bayan zafi ya fito, sai a yanka tsawo daban-daban a gasa su tare a zubi ɗaya. A kundin kuma, ban da kaso mafi girma, ki ba da Z da ohm, da filin da ƙololuwa ta faɗo, da yawan kason da ke sauyawa a kowane Oe a gangaren da ya fi tsayi, don shi mai ƙera sensa ke dubawa.

Ki turo min cikakken haɗin zirin kamar yadda aka rubuta a jikin naɗin, da giraf ɗin Z da ohm na mai santimita 5 a firikwensi uku, kHz 500 da MHz 2 da MHz 10, tafiya da dawowa. Daga nan za mu san ko 300 ɗin da kika yi a saman zafin Kuri yake ko a ƙasansa.